Ki Tsaya Inda Madubina Zai Gan Ki

Zuwa ga Lorraine, sanyin idona, inuwata da rana tsaka, ruwan sama na farko a kan busassun tuddan Kalifoniya,

Hollis, shugaban ƙungiyarmu ta masu yawon yada zango, ya ce kin sa tirelarki, ɗakin kwanan da kike ja da mota, a kasuwa, za ki koma jihar Oregon wurin 'yarki. Tun da na ji, kofi ma ya daina yi min ɗanɗano.

Kin tuna taronmu na lokacin kaka a tsohon gandun da ake ɗaukar finafinan kaboyi? Kowa da mai nuna masa hanya in zai yi ribas da tirela, miji a sitiyari, mata a tsaye bayan tirela, ana ta daka wa juna tsawa kamar kullum. Ni kuwa tun rasuwar matata ba mai tsaya min. Na yi baya, na bangaje otal ɗin fim ɗin nan, wanda fuskar katako ce kawai, ba ɗaki ba rufi, har ya yi tangaɗi. Ana ta dariya, sai kika bar kujerarki kika taho kina cewa, "Bawan Allah, ginin nan ya sha harsashin ƙarya tun ba a haife ka ba bai faɗi ba, sai kai? Dubi madubi, bi hannuna!"

Na duba. Wayyo, masoyiyata! Furfurarki na sheƙi kamar ciyawar tudu da hantsi, hannunki na kira na sannu sannu. Yaushe rabon da wani ya damu da inda na dosa? Shekara da shekaru ni ma fuska ce kawai irin ta otal ɗin, gaisuwa da murmushi a gaba, baya sai sandunan tokare. Ke ce kika zagaya kika gani, ba ki kuma gudu ba.

Ba zan ce ki ƙi 'yarki ba, ni wa? Sayar da tirelar in kin so, tawa za ta ɗauke mu mu biyu, kuma ta san hanyar Oregon. Ina son ki, tsoro kuma nake ji.

Taron bazara ya matso. Zan tsaya a bakin filin, layin motoci su yi ta yi min oda, Hollis ya yi ta kumfar baki. Wallahi ba zan sa ribas ba sai na gan ki a madubi.

Naki, har ranar da za a karɓe min makullin mota, da bayanta,
Wendell