Matan Tsohuwar Masaƙa

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Baba da Mama suna gaishe ki.

Gwaggo, albishirinki. Ba za a rushe tsohuwar masaƙarku ba. An sayar da filin baya, har an fara gina shaguna, amma babban zauren injuna da ƙofar shiga za su zauna yadda suke, a mai da su gidan tarihin gari. Ni aka ɗauka in tattara labarin waɗanda suka yi aiki a ciki.

Jiya na shiga zauren. Rana na saukowa ta gilasan rufi, injuna a jere kamar sun yi sahu, har yanzu da guntun zare maƙale a jikin wasu. Na daɗe a tsaye ina tunanin wanne ne naki. Don Allah ki zo ki nuna min, ki kuma yi wa mutane magana ranar buɗewa.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Auta

*

Auta 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo. Ki gaida ƙanena da matarsa, ki ce masa waya ba ta cizo.

Ba zan zo ba. Ranar da muka tarar an garƙame ƙofar nan da ƙaton kwaɗo, muka yi cirko-cirko da kwanonin abincinmu a hannu, na ce ni da unguwar nan mun rabu. Zuwana na ƙarshe ma ɓata na yi a ƙarƙashin gadar sama, a garin da aka haife ni, sai da na tambayi mai shago hanya.

Amma tunda labari kike so, rubuta. Kafin masaƙa duk wajen nan fili ne, awaki ke kiwo. Unguwar da kuke taƙama da ita yanzu guminmu ne ya gina ta, ɗaki bayan ɗaki. Ba mai damuwa da agogo, jiniyar masaƙa ke tada gari, daga mai burodi har malamin makaranta. In an tashi aiki titi ya cika da kekuna, mu fito auduga fal a girarmu, 'yan mata da mu amma kamar kakanni. Yadin da muke saƙawa kuwa, shi ne kayan makarantar ubanki, shi ne labulen asibiti. Da shi ake goya jariri, da shi ake rufe mamaci.

Injina yana layin taga. Na kusa da shi na Doguwa ne, ƙawata. Mace ce da shugaban sashe kansa ke rage murya in zai yi mata magana. Wata rana ɗankwalina ya shiga inji yana jan kaina, ita ta yi tsalle ta fizge ni, ta bar rabin yatsanta a wajen. Da aka rufe masaƙar kowa ya kama gabansa, daga baya na ji an ce ta rasu.

To me zan zo in gani? Ƙarfe?

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na karanta wasiƙarki a gaban mutane ba da izininki ba.

Ranar Asabar tsofaffin ma'aikata suka taru a zauren. Da na zo kan maganar ɗankwali, wata mata ta sunkuya ta maimaita wa tsohuwar da ke kusa da ita da ƙarfi, don ba ta ji sosai. Tsohuwar ta miƙe da sanda. Duk da ranƙwafawar da ta yi ta fi ni tsawo.

Ta ce, “Wa ya rubuta wannan?”

Na ce gwaggona ce.

Ta ɗaga hannunta, na ga yatsan. Ta ce, “Ki ce mata wanda ya kashe ni bai binne ni ba tukuna.”

Gwaggo, ashe ita ce ta hana a rushe wurin. Ranar da katafila ta zo, ta tattaro matan da suka rage, suka jera kujeru a bakin ƙofa suka zauna. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, ba su tashi ba. Masu shaguna suka riƙa kai musu ruwan sha, ɗalibai suka zo suka zauna tare da su, har hukumar gari ta sake shawara. Daga nan aka wuce da ita asibiti, kuma har yau ƙirjinta bai koma daidai ba. 'Yarta ta ja ni gefe ta ce in har za ki zo, kada ki jira ranar buɗewa.

Ta ba ni saƙo, amma da hannu ta yi shi. Ta ce ƙarar injuna ba ta barinku ku ji juna, haka kuke magana. Ta nuna ni, ta juya yatsa a iska kamar ƙafar keke, sannan ta riƙe ƙugu. Sauran matan suka yi ta dariya, suka ƙi gaya min ma'anarsa.

'Yarki, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ma'anarsa: ina kika shige, injinki na ta juyawa ba kowa a kai. Haka take min in na daɗe a banɗaki.

Ki je wajenta yau, kada ki bari sai gobe. Ki dafa ƙirjinki, sannan ki miƙa mata tafin hannu. Wato riƙe min, ga ni nan.

Motar safe zan hau ranar Laraba. Ki tare ni a tasha, don ban san hanya ba.

Gwaggonki