Kurwar Thongsouk

Talata, 12 ga Disamba

Wata biyar ke nan da mijina Thongsouk ya zame a magangarar ruwa, ya karye a hannu. Hannun ya ɗoru, amma mutumin bai dawo ba. Ya ci, ya kwanta, ya zuba wa kogin Nam Ou ido. Maganarsa ba ta wuce "to". Surukata, Inna, ta ce kurwarsa ce ta firgita ta tsaya can, sai an je an kwaso ta da ragar kamun kifi. Aikin tsofaffi ne, ita kuwa gwiwa ta hana. Wai ni, ma'aikaciyar jinya, zan yi.

Juma'a, 15 ga Disamba

Na faɗa wa yayata in shekara ta ƙare a haka zan koma gida Luang Prabang. Na gaji da auren bango.

Asabar, 16 ga Disamba

Ni da Thongsouk mun tashi da sassafe zuwa magangarar, sanyi har cikin haƙori. Gajimare ya sauko ya kwanta a gonakin shinkafa, muna ratsa shi kamar masu tafiya cikin barci. Shi a gaba, ni a baya da raga, dafaffen ƙwai, curin shinkafa da rigarsa, kayan lallashin kurwa. A wannan hanya ya fara yi mini surutu shekara shida da suka wuce, har na ce, "Yaya, bakinka ba ya gajiya?"

Ruwan ya ragu, siriri, fari, yana saukowa a hankali. Na shiga har gwiwa ina jan raga. Kalmomin da Inna ta koya mini duk sun gudu, sai na yi da nawa: "Ke kurwa, taho gida. Shinkafa na hucewa. Wa kika bar wa mijin, ni?" Na daɗe ina yi, ƙafafuna suka mutu. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Sai na ji daga bayana: "Ba fa nan na faɗi ba."

Na juyo.

"Can sama ne, bayan dutsen. Tun ɗazu kurwar wani kike kwasa."

Na ce, "Da ka bari na kai ta gida, wataƙila ta fi taka magana." Ya miƙo hannun da ya karye ya jawo ni. A sama ya nuna mini wurin, ya ce ya kwana biyu a kwance nan yana kiran sunana, yana jin kunyar yadda ya ji tsoro. Bai taɓa faɗa ba.

Lahadi, 17 ga Disamba

Inna ta ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, wai don kada kurwar ta sake guduwa. Ragar dai ganye biyu ta kamo.

Alhamis, 28 ga Disamba

Ni ban yarda da zancen kurwa ba. Yau ma kusan shiru ya wuni, sai da yamma ya ce miyata ta yi gishiri. Yayata ta bugo tana tambayar ranar da za ta gyara mini ɗaki. Na ce ta dakata, hanya akwai sanyi.