Ni Nake Cushe Wa Yayana Layin Intanet Yana Tsakiyar Wasa

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a agaza mini da shawara, domin ban taɓa faɗa wa kowa wannan magana ba.

Yayana, wanda zan kira Sanda, ɗan wasan hoki ne a ƙuruciyarsa, har jiha ya buga wa. Shekara huɗu ke nan da ya yi hatsari a hanyar Kawo, ƙafafunsa suka mutu, na ɗauko shi ya dawo gidana a Malali. Ɗansa ya aiko masa da na'urar gem, ya samu wasan hoki na kan ƙanƙara wanda ake bugawa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet. Ya ƙware ƙwarai. Ya koma cin abinci, ya koma dariya, har wata ƙungiya ta ɗauke shi.

Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai. Muna yara shi ke tsayar da ni a raga babu kariya, yana dukan ƙwallo a ƙwaurina, abokansa suna shewa. Wata rana ƙwallon ta same ni a baki, har yau haƙorina na gaba na roba ne. Bai taɓa ba ni haƙuri ba.

Wayifai ɗaya muke amfani da shi. Wata rana ina sauke bidiyo a kwamfuta sai na ji ya rafka salati daga ɗakinsa. Na gane cewa idan na cushe layin, wasansa yana jinkiri: zai danna, amma ɗan wasansa ba zai juya ba sai ƙwallo ta wuce. Wata bakwai ke nan ina yi da gangan. Nakan bari sai ya ci ɗaya, sannan in saki manyan bidiyo uku, in zauna a falo da shayina ina saurare.

Da farko waɗanda suka ƙirƙiro wasan ya zarga. Ya ce sun tsara shi don ya tallafi wanda ake ci, kuma suna fifita waɗanda ke kusa da su. Ina taya shi zagi. Ƙungiyar ta sallame shi. Yanzu ya daina zargin kowa. Makon jiya na same shi yana kallon yatsunsa, ya ce ƙafa ta tafi, ga hannu ya bi. Ya roƙe ni in kai shi asibiti ranar Litinin a duba jijiyoyinsa.

Malam, wasa ne fa na shagala, kuma ko ban taɓa ba sabis yakan tsinke. Ni nake ciyar da shi. Akwai zunubi a kaina? Idan na daina ba tare da na faɗa masa ba, ya wadatar?

Ƙanin Sanda, Malali

AMSA

Wa alaikumus salamu. Ɗana, ba shawara ka zo nema ba, sassauci ka zo nema, kuma ba ni da shi.

Zan ba ka haƙƙinka. Yayanka ya zalunce ka, kuma riƙon mara lafiya shekara huɗu aiki ne mai nauyi, Allah ya karɓa. Na kuma tambayi masana, sun ce nisa da raunin sabis suna kawo jinkiri a irin wannan wasa ko babu hannun kowa.

Amma shi ya cuce ka yana yaro, a bainar jama'a. Kai ka rama da furfura a gemunka, a ɓoye, a kan mutumin da ba zai iya miƙewa ya duba abin da kake yi a falo ba. Hukuncin wasan daban, hukuncin cutar da Musulmi daban. Ka sa shi yana tuhumar gaɓoɓin da Allah ya bar masa lafiya lau.

Dainawa a ɓoye ba ta wadatar ba. Wannan haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Idan ka yi shiru, zai zaci cutar tana lafawa ne, ya zauna yana jiran dawowarta.

Ka faɗa masa kafin Litinin, ku biyu kaɗai, da adadin watannin. Kada ka ambaci haƙorinka a wannan zama, domin uzuri zai zama. Ka sa a ja masa wayar intanet daga na'urar wayifai zuwa ɗakinsa. Idan ya zage ka, ka saurara har ya gama. Idan ya zaɓi komawa wajen ɗansa, ka ɗaukar masa kaya da hannunka, kada ka ce ya yi butulci.

Allah ya ba Sanda lafiya da natsuwa, kai kuma ya ba ka ƙarfin shiga ɗakin nan.