Fadamar Kalaba Ba Ta Karɓar Dashe

Zuwa ga ƙanena Sambo, a Kebbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar ga ta iske ka lafiya, kai da iyali da bisashe. Mu nan Kalaba sai godiya. Ɗana Shafi'u shina lafiya, matarsa Ni'imatu ta yi nauyi, a sa ta addu'a. Malam Siddiƙ, wani mutumin Sanyinna da ke limanci nan unguwar Hausawa ta Bogobiri, shi ke rubuta mini, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Ban manta ba ranar da zan taso ko tasha ba ka raka ni ba. Na bar ka da Allah.

Ka san abin da ya kawo ni. Gabanka na rantse ba ni sake taka Kebbe sai da Shafi'u, ya zo ya riƙe fadamar babanmu kafin lokacin dashe ya wuce. Kun yi mini dariya, kunka ce tsufa ne.

Sambo, ban san duniya na da girma haka ba. Gulbinmu da muke taƙama da shi, nan ko sunan rafi ba shi samu. Na ga jirgin ruwa wanda in an aje shi kasuwar Tambuwal sai ya rufe ta. Manja cikin durom-durom, katako, busasshen kifi tuli-tuli, ga ruwan sama kullum kamar an huda sama. Albasarmu da muke bari ta ruɓe a gona, nan mata ke layi kanta a rumfar Shafi'u, shi kuwa yana ciniki da su cikin yarensu. Ya kai ni wani gida bakin ruwa inda anka aje sarƙoƙin bayi. An ce daga nan aka riƙa loda mutane cikin jirage zuwa ƙetare, da anka hana sai fatauci ya koma kan manja. Na taɓa sarƙar wuya guda, ranar ban iya cin tuwo ba. Na ga birai masu baƙar fuska da ake kiwo don kada su ƙare, da itatuwan da saiwarsu ke tsaye waje kamar ƙafafun raƙumi. Na ga kifi ya fito yana tafiya bisa laka yana kallona. In ka ce ƙarya ce, kai ka sani.

To ga abin da nika son ka ji. Wata safiya na fita bakin gulbi na iske ruwa ya janye, ya bar baƙar laka shimfiɗe, irin wadda muke faɗa kanta a gida, ba ko mutum guda da ya kafa turke. Na ce lallai mutanen garin ga ragwaye ne. Na kwaso albasar da ta yi tsiro a rumfa, na ari fartanya, na ja kunya na dasa yadda muke yi in ruwa ya sauka. Nufina in nuna ma yaron cewa noma bai bar jininmu ba. Wata tsohuwa mai kamun ƙaguwa ta yi ta ɗaga mini hannu tana ihu, na ɗauka filin take ma ƙyashi, na ƙyale ta. Ban kai ƙarshe ba sai na ji sanyi a idon sawu. Ba hadari, ba iska, ruwa ne ke dawowa, kuma sama yake hawa, ba gangara ba. Ya ci kunyoyin, ya ci takalmana da fartanyar mutane. Tsohuwar ce ta jawo ni cikin kwalekwalenta tana dariya har da hawaye. Malam ya ce haka ruwan ke yi sau biyu kowace rana tun da anka halicci duniya, wai wata ne ke jan sa. Watan ga dai da muke leƙe don azumi! Tun ranar kullum sai na je na zauna na ga tafiyarsa da dawowarsa, ina tasbihi.

Shafi'u bai yi dariya ba. Ya wanke mini ƙafa da hannunsa, ya ce in na ce ya rufe rumfa ya bi ni, gobe ma sai mu hau mota. Na dubi rumfar, na ga ba shi yiwuwa. Mota-mota ta albasar mutanenmu ta hannunsa take biyowa, ga mace da ciki.

Don haka ka ce ma ɗanka Kamilu ya shiga fadamar bana tun laka ba ta bushe ba. Aro ne, ka faɗa mishi gaban shaidu, kuma kada ya taɓa tsamiyar iyaka. Ni kuwa ban taɓa karya rantsuwa ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Na ce ba ni komawa sai da shi, shi kuwa shina nan. To ni ma ina nan.

Ka gaishe da Yaya Hauwa'u, da Zahara'u da ɗiyanta, da Bilyaminu na Dogon Daji. Lauwali kuwa sai ya maido mini galmata sannan ya samu gaisuwa.

Wanka,
Ɗangiwa