Hagun Sadiku

Rabi, tun kafin gaisuwa ni Innarki ina gargaɗinki: in kin zo hutu, kada ki ƙara bugun ɗanki Sadiku a hannun hagu.

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya maigidan, yaya zafin Sakkwato? Mu a Sundimina lafiya lau, gero ya nuna.

Ranar da su Sadiku suka shiga aji ɗaya, Malama Asabe, malamarsu ta rabin aji, da ƙafarta ta raka ɗalibanta, ta gabatar da su ɗaya bayan ɗaya ga sabon malaminsu, Malam Haruna. Da ta zo kansa ta ce, "Malam, wannan bahago ne. In ka raba hagunsa da fensir, magana ma dainawa yake yi." Malam Haruna, Allah ya yi masa albarka, bai yi girman kai ba. Ya zaunar da shi a ƙarshen benci don kada hannunsa ya riƙa karo da na maƙwabcinsa. Yaron da ke ɓuya bayan rumbu kowace safiya, yanzu shi ke riga kowa shiri. Bare biyu sun haɗa kai a kan ɗanki, ke da kika haife shi fa?

Ki sa mu a addu'a, ki gaida surukarki. Na kafa doka a gidan nan, har da ke: tuwo da dama, fensir da hannun da Allah ya ba shi.