Karan Masallacin Dutsen Barkiya

Kurfi, daren Laraba, bazarar 1962

Cikin Inna ya sake murɗawa tun asuba. Ba abin da ke kwantar mata da shi sai karan masallaci, don haka na hau keke zuwa dutsen Barkiya, inda muke tsinko shi tun ina yaro.

Na tarar leburori sun cinna wa dutsen wuta. Haka suke yi: su jibga itace, in ya ɗau zafi su kwara ruwa ya tsage, su farfasa a zuba wa hanyar Dutsin-Ma. Na yi wa babbansu maganar karan masallacin da ke ƙonewa, ya ce, "Haba Malam, abin da ko ganye bai da shi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗan tsiro ne mai kusurwa huɗu, cike da ruwa mai ɗaci. A tsagar dutse yake cinye rani duka, bai nemi ɗigo wurin kowa ba. Yau ga shi ya dahu laƙwas kamar kuɓewa.

Guda ɗaya na samu da rai, tsawon yatsa. Na kawo gida, zan daka ke nan Inna ta riƙe mini hannu. "Ɗan nan, in na shanye wannan, na baya su sha mi? Kafa shi cikin tsakuwa. Kada ka cika mashi ruwa, ruɓewa yake."

Na yi gardama, ta juya mini baya.

Na kafa shi a fasasshen kasko. Ga shi nan bakin ƙofa, tsaye ƙyam. Ita kuwa ina jin nishinta ta bayan zana.