Haƙorin da Setareki Ya Karɓa

Suva, Fiji
9 ga Maris

Yaya Peniasi,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Baba da mutanen gida. Ina fatan ruwan nan bai ƙarasa rufin coci ba.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. Ka san a Nakauloa sai an hau tudun makaranta ake samun layi, kuma abin da ka faɗa a can yakan riga ka saukowa gari.

Ƙanenmu Setareki ya farfaɗo ranar Talata, bayan kwana shida. Ya gane ni, ya tambayi matarsa Vasiti da jaririyar. Amma ƙafarsa ta dama ba ta motsi, kuma ƙashin kansa ya tsage wuri biyu. 'Yan sandan da suka kawo shi sun rubuta wai daga kan dutse ya faɗo yana gudu. Na tambayi likita ko haka ne. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ban taɓa ganin dutse mai sawun takalmi ba." Sannan ta roƙe ni kada in ce daga bakinta na ji.

Na rufe teburina na kasuwa, rogon da na saro yana can yana ruɓewa, ko a jikina. Abin da nake so shi ne ka gaya mini abin da ya faru, kuma ka bar mini salon nan naka na sakataren coci da kake zagaye magana har mutum ya manta tambayarsa. Wa ya taɓa shi?

Ka gaishe da Baba, ka ce ya riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Akanisi

Nakauloa
16 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Akanisi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Takardarki ta iso da jirgin ruwan Alhamis. Na karanta wa Baba ita, na tsallake wurin da kika zage ni.

Ga abin da Vasiti ta gani, don ita ce ta kai masa abinci gona ranar. Da hantsi jirgin ruwan 'yan sanda ya tsaya a gaɓa, sun zo neman gonakin wiwi a kan tudu. Su bakwai ne, shida sun rufe fuska da baƙin ƙyalle. Na bakwai bai rufe ba, don ko ya rufe kowa ya san tafiyarsa. Sajan Waisake ne, ɗan Gwaggo Unaisi. Shi suka sa gaba saboda ya san hanyoyin tudun, nan yake hutunsa tun muna yara.

Suka tarar da Setareki yana cire ciyawa a gonarsa ta kava, saiwar nan da ake dakawa a jiƙa a sha. Kin san tsakaninsa da Waisake, taubasai ne, abokan wasa, ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Yana ganinsa sai ya miƙe ya ce, "Kai, malalacin banza, 'yan ƙwadago ka kawo mini? To ga adda, su fara daga can. Me suke ɓoye fuska, muninsu ya kai naka ne?"

Sauran ba 'yan nan ba ne, ba su san wasa yake ba. Ɗaya ya buge shi da gindin bindiga, uku suka bi da ƙafa. Vasiti ta yi ta kiran sunan Waisake. Ta ce ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, sai ya juya musu baya ya tsaya yana kallon teku. Ba su sami ko ganye ɗaya na wiwi a gonar ba.

Ina roƙonki ki bi a hankali. Waisake bai taɓa shi ba. Kuma jininmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya Baba yake da mahaifiyarsa. Tun ranar Baba ya daina zuwa inda maza ke shan kava da yamma.

Ubangiji ya ba Setareki lafiya, ya ba ki haƙuri.

Yayanki,
Peniasi

Suva
2 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji takardarka, na ji kuma "bi a hankali". Na bi a hankali har takalmina ya huje.

Na kai ƙara ofishin da ke binciken laifin 'yan sanda. Ina shiga na ga duk masu zama a teburin kakin 'yan sanda ne a jikinsu. Na farko ya tura ni bene na biyu, na biyu ya ce mai fayil ɗin ya tafi kwas. A zuwa na biyar na sami wani dattijon sufeto mai kirki, ya ba ni kujera har da shayi. Ya ce littafin fita aiki na ranar ya jiƙe da ruwan teku, sunayen ba sa karantuwa. Ya ce, "Uwargida, ba zan iya gurfanar da baƙin ƙyalle ba. Ki kawo mini wanda zai faɗi sunaye ya sa hannu, ni kuma in yi aikina."

Wata malamar jami'a ta zo asibiti tana tattara labaran irinmu. Ta saurare ni awa biyu tana rubutu, har ta yi ƙwalla. Na ce to yanzu me za ki yi mana? Ta ce za ta wallafa rahoto baɗi. Na yi mata godiya, don ba laifinta ba ne.

Shekaranjiya na kama Waisake a ƙofar asibiti, cikin kayan gida, riƙe da ledar lemo, ya kasa shiga. Ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Na ce, "Sajan, teku ka zo kallo a nan ma?"

Ya ce, "Akanisi, don Allah."

Na ce, "Sunaye huɗu. Ka san su, da su kake cin abinci."

Ya ce, "Gidan bariki nake zaune, da 'ya'ya uku. Ƙofar ɗaya daga cikin mutum huɗun nan tana kallon tawa. Ki ba ni lokaci."

Na ce ledar lemon ya kai wa maƙwabcin nasa. Bayan ya tafi na zauna a gefen titi na yi kuka, don ni na koya masa iyo.

Abin da ya fi ci mini rai, Setareki bai tuna komai ba. Ranar gaba ɗaya ta goge daga kansa, ya yarda faɗuwa ya yi. Na gaya masa gaskiya sau biyu, ya yi kuka, da gari ya waye ya manta. Likita ta ce in daina, wahalar da shi kawai nake yi. Za su sallame shi ƙarshen wata, zan sa shi a jirgi.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Ka san abin da zai biyo baya. Gidan Gwaggo za su zo da tabua, haƙorin ƙaton kifin nan mai igiyar zaren kwakwa, su durƙusa su nemi gafara. Ka kuma san da zarar wani ɗan gidanmu ya sa hannu ya karɓa an binne magana, ba mu da bakin sake tambayar Waisake, shi ma ba shi da bakin tonowa. Sufeto ya riga ya gaya mini in aka yi haka zai rubuta an sasanta a gida. Kada ku karɓa sai ya faɗi sunaye. Abu ɗaya ke nan da ya rage mana a hannu.

Ka gaishe da Vasiti, ka ce na ga ƙoƙarinta.

Akanisi

Nakauloa
27 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Akanisi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Setareki ya iso lafiya, mutum huɗu suka ɗauko shi daga gaɓa a kan ƙyauren ƙofa, yana yi musu ba'a wai ba su iya tuƙi ba.

Abin da kika hanga ya faru, sau biyu ma, tun kafin ya iso. A zuwan farko dattawansu suka zauna a tabarma, mai magana ya ɗaga tabua ya yi jawabi mai tsawo. Baba ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Da aka gama ya ce, "Na ji. Ku gaya wa ɗan ƙanwata ina jiran sunaye huɗu." Ban taɓa ganin an mayar da tabua a garin nan ba. Dattawan sun fita ba wanda ya kalli wani.

A zuwa na biyu Gwaggo da kanta ta biyo su. Ta ja jiki har gaban Baba ta kama ƙafarsa ta ce, "Yaya, ɗanka ya rasa ƙafa, so kake nawa ya rasa rai? Ba ka san mutanen nan ba." Baba yana hawaye, amma bai zaro hannunsa ba.

Tun daga nan gari ya juya mana. Fasto ya yi wa'azi Lahadi biyu a kan yafiya, kuma kowa ya san gidan da ake nufi. Mai gari ya aiko cewa dangin mijin Gwaggo sun ce ba za su zo aikin rufin coci ba. Jiya mata sun tashi daga bakin rafi da Vasiti ta sauko wanki.

Ba zan ɓoye miki ba, da ni ne da na karɓa. Ke kina Suva, mu muke haɗuwa da mutanen nan safe da yamma. Amma Baba ya ce in rubuta miki ki kwantar da hankalinki, hannunsa zai ruɓe a ƙarƙashinsa kafin ya miƙa shi. Sun ce za su dawo ranar Asabar, wannan karon da Waisake.

Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Peniasi

Nakauloa
4 ga Mayu

Yaya Akanisi,

Ina gaishe ki da kyau. Ni ce Vasiti. Ki yi haƙuri da rubutuna. Yaya Peniasi ya zauna sau uku zai rubuta miki ya kasa, shi ya sa na karɓi biron.

Sun zo Asabar da safe. Na so in kai Setareki ɗakin baya, ya ƙi, ya ce shi ba gawa ba ne da za a ɓoye shi in an yi baƙi. Sai muka jingina shi da bango kusa da ƙofa. Laifina ke nan, kuma na sani.

Waisake ya shigo da rarrafe, tabua a hannunsa. Ya durƙusa ya ɗaga shi sama da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Bai iya jawabi ba, kuka kawai yake yi. Baba ya zauna a kan hannuwansa. Aka daɗe haka. Baba ya ce, "Sunaye, ɗana." Yaya, na rantse miki na ga bakin Waisake ya buɗe. Ina kusa da shi, na ji ya ja numfashi zai faɗa.

Sai na ji dariyar Setareki. Ya ce, "Kai, dubi ƙaton banza yana kuka kamar an ƙwace masa nono. Me ka yi wa Baba, kazarsa ka sata?" Ya ƙara da cewa, "Baba, ka bar shi mana, hannunsa zai karye, dama ba ƙarfi gare shi ba."

Kafin in miƙe ya ja jikinsa da hannu ɗaya a kan tabarma, yana jan ƙafar nan, ya kama igiyar ya zare tabua daga hannun Waisake. Ya ce, "Kawo, malalaci. Ko me ka yi, ya wuce."

Dattawansu suka yi tafin karɓa nan take. Namu ma suka yi, don ba yadda za su yi, wanda aka yi wa laifin ne da kansa ya karɓa. Waisake ya kifa fuskarsa a tabarma, ban sake jin muryarsa ba har suka tafi. Baba ya zaro hannuwansa, sun yi fari fat don daɗewa, ya yi ta kallonsu.

Setareki ya sa na rataye masa tabua a saman gadonsa. Yana murna, wai shi ya sasanta Baba da Waisake. Jiya da yau duk ya tambaye ni me ya hana Waisake zuwa su sha kava. Na ce aiki ya yi masa yawa.

Ban san abin da zan ce miki ba. Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Vasiti

Suva
12 ga Mayu

Vasiti, ƙanwata,

Ina gaishe ki da jaririya. Ba ki yi mini komai ba, kada ki ƙara neman gafarata.

Labari ya riga takardarki isowa. Sufeto ya kira ni ranar Litinin, ya ba ni kujera da shayi, ya nuna mini inda zan sa hannu a rufe ƙarar. Na sa. Jiya na buɗe teburina.

Ga man zafi nan na aiko, ki riƙa shafa masa a ƙafar safe da yamma. Ki ce wa Baba na gode, na san abin da ya ɗauka. In Setareki ya sake tambayar Waisake, ki aika masa ya zo. Ya zauna kusa da gadon, a ƙarƙashin haƙorin, ya sha tsokana har yamma. Ya riƙa zuwa duk hutu.

Ku huta lafiya.

Yayarki,
Akanisi